Daga ina kalmar feminine ta fito, kuma me ya haɗa ta da shayarwa?

Akwai wani rubutu da ke yawo a Facebook da WhatsApp, duk bayan ɗan lokaci sai wani ya sake turo shi, wai a Turanci mace ba ta da sunan kanta sai an jingina ta da namiji: wai female ai fe ne aka manna wa male, woman kuma wo ne da man, she ma s ne kawai aka sa wa he a gaba. Wasu suna turo shi dan su nuna ai ko harshen Bature ya san mace daga jikin namiji ta fito, wasu kuma dan su nuna Turanci tun daga tushe ya danne mata, 'yan kimistiri su kuma suka mai da abun raha, wai ai Fe alamar ƙarfe ce, kenan female na nufin namijin ƙarfe. Ban da masu rahar, sauran duk abu ɗaya suka yi, sun kalli harufa suka yanke hukunci, alhali kama da wane ba ta wane. Idan aka bi sawun kalmar feminine, wadda Turawa ke amfani da ita wurin siffanta duk abun da suke ganin na mata ne, irin su taushin murya, sanyin hali, kwalliya, kunya da sauransu, za a ga babu namiji ko ɗaya a hanyar. Kuma abun da ya fi ban mamaki, shi kanshi taushin da sanyin halin ma babu su a asalinta.

Feminine baƙuwa ce a Ingila. A shekarar 1066 ne William na Normandi da ke arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi, daga nan sarauta da kotu da manyan coci suka koma hannun masu magana da Faransanci, talakawa kuma suka ci gaba da Ingilishinsu a gona da kasuwa. Abun ya daɗe sosai, sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi a kotu, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta, ka ji fa. A cikin wannan tsawon lokacin dubban kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Turanci, shi ya sa har yau saniya tana raye cow ce, in an yanka an kai teburin mai gida ta zama beef. To a ƙarni na 14 ne feminine ta shigo ta wannan ƙofar, daga tsohon Faransanci femenin, wadda mutanenmu na Maradi da Damagaram suka sani yau da féminin. Mawaƙin nan Geoffrey Chaucer da ya mutu a 1400 har ya yi amfani da 'yar uwarta, ya rubuta ta femynynytee, wurin zagin wata muguwar tsohuwa a cikin labaransa na Canterbury, yana kiran ta maciji da ya ɓuya a ƙarƙashin surar mace.

Faransancin shi kuma daga Latin ya gada, femininus. Kalmar gida biyu ce, femina wato mace, sai ɗafa-ƙeya inus da ke nufin "na kaza". Wannan ɗafa-ƙeyar ita ce a ƙarshen canine, na kare, feline, na kyanwa, bovine, na shanu, marine, na teku. Kenan a farko feminine ba ta ce komai ba game da hali, "na mace" kawai take nufi, babu yabo babu zagi. Kuma inda aka fi jin ta a bakin Romawa shi ne ajin nahawu, wurin raba sunaye zuwa jinsi, zan dawo kan wannan dan akwai magana a ciki.

Tambayar da ta fi daɗi ita ce, ita femina ɗin daga ina? Nan rubutu ya ƙare, dan Latin shi ne iyakar abun da ke a takarda, sai dai a koma ga kwatanta harsuna. A 1786 wani alƙali ɗan Birtaniya da ke aiki a Kalkata ta Indiya, William Jones, ya yi wata lacca inda ya ce Sanskrit, tsohon harshen Indiya, da Girkanci da Latin sun yi kama da juna ta yadda ba zai yiwu a ce dace ne kawai ba, dole daga uwa ɗaya suka fito. Waɗanda suka zo bayansa irin su Franz Bopp da Jacob Grimm suka ɗauki abun da gaske, kuma babban abun da aka gano shi ne sauti ba ya canzawa kara zube, in ya canza a kalma ɗaya to haka zai canza a duk kalmomin da ke da irin wannan yanayin. Misali akwai wani sauti a tsohon harshen da ake rubuta shi dh. In ya zo a farkon kalma, a Sanskrit yana nan dh, a Girkanci ya koma th, a Latin ya koma f, a Turanci ya koma d. Duba hayaƙi, Sanskrit dhuma, Latin fumus. Duba ƙofa, Girkanci thura, Latin fores, Turanci door. In ka sa door da fores a gabanka ba ka ga wata kama, amma 'yan ɗaki ɗaya ne, su kuma female da male da suka yi kama kaman an tsaga kara ba su haɗa komai ba.

Da wannan ma'aunin sai a ɗauki fe na femina a mayar da shi baya, ya zama dhe, sannan a duba ko sauran harsunan suna da kalma mai wannan saiwar. Suna da ita kuwa, kuma duk wuri ɗaya suke nunawa. A Girkanci thele kan nono ne, thelys kuma mace ko tamata. A Sanskrit dhayati na nufin yana tsotsa, dhenu saniyar tatsa ce. A Rashanci doit shi ne tatsar nono, deti kuma yara. Saiwar kenan tana nufin tsotsa ko shayarwa, shi kuma mina na ƙarshe tsohuwar ɗafa-ƙeya ce da ake sa wa aikatau a fitar da mai yin abu ko wanda ake yi wa. Femina a asali mai shayarwa ce. Masana suna sa 'yar alamar tauraro a gaban irin wannan saiwar dan a san cewa ba a taɓa ganin ta a rubuce ba, lissafo ta aka yi, dan mutanen da suka yi magana da harshen, waɗanda mafi yawan masu bincike ke ganin makiyaya ne a filayen arewacin Baƙin Teku wajen shekara dubu biyar zuwa shida da suka wuce, ba su bar rubutu ba. Amma lissafi ne mai ƙarfi, dan harsunan da suka rabu da juna tun tuni, daga Indiya har Italiya, ba za su haɗa baki su shirya ƙarya ɗaya ba.

Dangin kalmar a cikin Latin kanshi sun isa a tsaya a kalle su. Fetus, ɗan tayi, daga nan yake. Fecundus, mai yawan haihuwa ko ƙasa mai albarka, daga nan. Filius da filia, ɗa da 'ya, mafi yawan masana suna ganin asalinsu "mai shan nono" ne, kuma daga su aka samu affiliate da ake cewa kwaleji kaza tana ƙarƙashin jami'a kaza, wato an ɗauke ta a matsayin 'ya. Sai felix, wadda da farko ake faɗa wa bishiya mai ba da 'ya'ya, daga baya ta koma mai sa'a, mai farin ciki, kenan duk wani Felix da Felicia da ka sani sunansu da feminine kaka ɗaya. 'Yan makarantar likitanci da na jinya kuma kullum suna haddace epithelium, siririn rufin da ke lulluɓe fata da cikin baki da hanji, to the ɗin da ke tsakiya shi ne thele na Girkanci. Wani masanin jikin ɗan adam ɗan Holan, Frederik Ruysch, shi ya ƙirƙiri sunan a farkon ƙarni na 18, saboda ya ga fatar tana kwance a kan wasu ƙananan ƙuraje-ƙuraje masu kama da kan nono. Har fawn, ɗan barewa, ta Faransanci ya biyo daga fetus.

To a nan ne wani zai yi wuf ya ce ka gani ko, ai dama asalin mace shayarwa ce, dan haka ta zauna a gida. Ni a ganina wannan daidai yake da kuskuren masu fe da male, gefe kawai aka sauya. Asalin kalma yana gaya maka abun da mutanen da suka raɗa ta suka fara lura da shi ne, ba ya yanke hukunci kan abun da ya kamata. Makiyayi da rayuwarsa ta dogara da garke, babban bambancin da ke gabansa tsakanin dabba da dabba shi ne wacce ke ba da nono da wanda ba ya bayarwa, shi ya sa femina a Latin har dabba ana kira da ita. In za a bi asali a yi hukunci, to nice daga nescius take, wato jahili, kuma lord da ake kiran manyan alƙalai da shi asalinsa hlafweard ne, mai gadin burodi. Babu wanda ke shiga kotu ya ce wa mai shari'a mai gadin burodi.

Mutanen da ma ba su tsira daga wannan ɗabi'ar ta karanta son rai a cikin kalma ba, su ne ma ƙwararru. Isidore, bishop ɗin birnin Sebil a Sifaniya da ya mutu a 636, ya rubuta wani katafaren kundi kan asalin kalmomi wanda Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana karantawa a matsayin gaskiya. Shi a wurinsa femina daga femur take, wato cinya, dan wai ta wajen nan ake bambance mace da namiji, ya kuma kawo ra'ayin wasu cewa daga kalmar wuta ta Girkanci take saboda wai sha'awar mata ta fi zafi. Ɗaya kalmar ta mace a Latin, mulier, ya ce daga taushi take, shi kuma namiji vir daga ƙarfi. Ka ga dai mutumin ya riga ya san abun da yake so ya samu kafin ya fara nema. Nasa ma da sauƙi. Wajen 1486 aka buga wani littafi a garin Speyer na Jamus, Malleus Maleficarum, wato gudumar mayu, na wani malamin coci Heinrich Kramer, jagora ne na yadda za a gano mayya a yi mata shari'a. A ciki ya ce femina daga fe da minus take, wai mai ƙarancin imani, kuma ya kafa wannan a matsayin hujjar cewa mata sun fi saurin faɗawa hannun shaiɗan. Imani a Latin fides ne, kuma Romawa suna cewa femina ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Annabi Isa, amma wa zai tsaya bincike. An yi ta sake buga littafin, kuma masana tarihi suna ƙiyasta cewa farautar mayu a Turai tsakanin ƙarni na 15 da na 18 ta ci rai dubu 40 zuwa 60, mafi yawansu mata. Ba wai wannan fassarar ce ta kashe su ba, abubuwa da yawa ne suka haɗu, amma tana cikin itacen da aka iza.

Yanzu female. Ita ma jikar femina ce, ta hanyar femella, wato 'yar ƙaramar mace, yarinya, ta zama femelle a Faransanci, ta shigo Turanci a ƙarni na 14 ana rubuta ta femele ko femelle. Shi kuma male daga wani gida daban ya fito, Latin mas, sai masculus, sai tsohon Faransanci masle, s ɗin ta faɗi, shi ya sa Faransawa ke ɗora wa a ɗin 'yar hula a mâle, alamar akwai harafin da ya ɓace. Da yake kullum tare ake faɗin su, male and femele, sai baki da alƙalami suka daidaita su, femele ta koma female dan ta yi amo ɗaya da abokiyar tafiyarta. Aikin ƙarshen ƙarni na 14 ne wannan, kalmar ta riga ta yi fiye da shekara dubu a duniya kafin a sa mata wannan rigar.

Woman ce kawai ke da man a ciki da gaske, amma ba man ɗin da ake zato ba. A tsohon Turanci mann mutum ne, ɗan adam, mace ko namiji. Namiji wer ne, ɗan uwan vir na Latin, wanda yau aka fi ganin sa a werewolf, mutum mai rikiɗa kyarkeci. Mace kuma wif, kowace mace, da aure ko babu, shi ya sa midwife ba ta nufin matar wani, tana nufin wadda ke tare da mace lokacin haihuwa, ungozoma. Sai aka haɗa wifmann, mutum mace. Gwada faɗin ta da sauri sau da yawa ka ji, f ɗin da m ɗin duk a leɓe suke, sai f ta narke ta zama wimman, sannan w da ke sa a tsuke baki ta ja wasalin ya koma wumman, aka ƙare a woman. A jam'i kuma tsohon wasalin bai tafi ba, shi ya sa ake rubuta women amma a furta wimin, abun da ke ba ɗalibai wahala a aji har gobe. Daga baya ne mann ya kori wer ya mallake ma'anar namiji shi kaɗai. Babu womb, mahaifa, a ciki, babu woe, baƙin ciki, kaman yadda wasu ke cewa. A shekarun 1970 wasu 'yan gwagwarmayar mata a Amurka suka fara rubuta womyn dan su cire men, suka kuma ƙirƙiri herstory a maimakon history, su wannan da gangan suka yi dan isar da saƙo, dan history daga historia ta Girkanci take, bincike, ba ruwanta da his. She kuma har yau ana gardamar ainihin yadda ta samu, tsohuwar kalmar heo ce, she ta fara bayyana ne a rubuce a ƙarni na 12.

Abun da ya faru da Turanci shi ne ya tara siffofi da yawa na abu ɗaya, na gida da na aro, sai ya raba musu aiki. Womanly 'yar gida ce, ly ɗin daga lic ne, jiki ko sura, wato mai surar mace, kuma ta zama ta yabo, ana faɗa wa cikakkiyar mace mai kamala. Womanish da farko ita ma ba zagi ba ce, amma ish ɗin ya ja ta ƙasa kaman yadda ya yi wa childish, ta koma abun da ake jifan namiji da shi. Effeminate daga ex da femina take, Romawa suna faɗa wa namijin da jin daɗi da hutu suka sangarta har ya kasa yaƙi, kuma har yau namiji kawai ake faɗa wa. Akwai wata da ake rikita ta da ita, effete, wadda asalinta dabbar da haihuwa ta gajiyar ce har ta daina, amma saboda kamar sauti mutane suka tura ta wajen ma'anar effeminate. Ladylike ta manyan gida ce, ladabi da iya zama, alhali lady ɗin asalinta hlaefdige ce, mai kwaɓa burodi, matar mai gadin burodin can. Female aka bar wa likita da fom ɗin cikewa. Ita kuma feminine da yake ta zo da ƙamshin Faransanci da Latin, harshen fada da na malamai, sai ta ɗauki ɓangaren ado da salo, kuma ita ce za ka iya faɗa wa turare ko launi ko ɗinki ko rubutun hannu, abubuwan da ba su da jinsi ko kaɗan. Duk wannan lodin a hanya aka yi mata shi, kaman motar haya da ta taso tasha da fasinja ɗaya ta iso gari maƙil, kowane zamani ya ɗora abun da yake ganin ya dace da mace.

Komawa ajin nahawu, inda na ce akwai magana. Masanin falsafar Girka Aristotle ya ce wani magabacinsa, Protagoras, ne ya raba sunaye zuwa maza da mata da kayayyaki, Romawa suka ɗauka suka ce genus femininum, kuma ta nan kalmar ta fi rayuwa a makarantun Turai. Abun dariyar shi ne lokacin da feminine ta iso Ingila, Turanci ya riga ya zubar da jinsin nahawunsa. Tsohon Turanci jinsi uku gare shi, kuma rabon bai bi hankali ba, wif da ke nufin mace ba ta cikin jinsin mata, tana cikin na ukun da ba namiji ba mace ba, wifmann kuma jinsin namiji ce saboda mann da ke ƙarshe. Jamusanci har yau haka yake, Mädchen, yarinya, ba jinsin mace ba ce. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu dan Hausa na da jinsi, kuma mun san bai da alaƙa da hali. Rana mace ce, wata namiji, haka yake a Larabci, haka a Jamusanci da tsohon Turanci, amma a Faransanci an juya, rana namiji wata mace. Virtus a Latin, wato jarumtar namiji, wadda ta fito daga vir ta ba Turanci virtue, jinsin mace ce. Mu ma mazantaka ce muke cewa, ba mazantaka ne ba. Ita kuma t ɗin da ke nuna mace a ta da ita da tata, tsohuwar gado ce da muka haɗa da ta'ul marbuɗa ta Larabci da tsohon harshen Masar da harshen Buzaye, dangi ne daban da na su femina kwata-kwata.

Daga nahawun ne ma masu waƙa suka ari kalmar. A Faransanci siffofin mata sukan ƙare da e da ba a cika furtawa ba, sai aka kira duk amsa-amon da ya ƙare da irin wannan gaɓa mara nauyi na mata, Turawan Ingila suka kwafa suka ce feminine rhyme. Harafi ne ya jawo sunan, amma daga baya sai ka ji masu sharhi suna bayanin wai ai saboda ya fi laushi ne.

Feminism kuma, wato fafutukar 'yancin mata, wadda ake ta kai ruwa rana a kanta a intanet, tarihinta ya fi kowanne karkacewa. An daɗe ana cewa masanin falsafa Bafaranshe Charles Fourier ne ya ƙirƙire ta a 1837, amma masu binciken da suka bi rubuce-rubucensa ba su same ta a ciki ba. Inda aka tabbatar da ita shi ne a likitanci, wani kundin digiri da aka rubuta a Faris a 1871 kan samari masu tarin fuka da jikinsu ya kasa cika irin na maza, aka kira yanayin féminisme. Shekara ɗaya bayan nan, 1872, marubuci Alexandre Dumas ƙarami ya yi amfani da féministes wurin yi wa mazan da ke goyon bayan 'yancin mata ba'a. Sai a farkon shekarun 1880 Hubertine Auclert, mai fafutukar a ba mata damar zaɓe a Faransa, ta karɓi kalmar ta kira kanta da ita, a shekarun 1890 ta tsallaka Ingila. Kenan sunan cuta ne na maza, ya zama gatse, sannan ya zama tuta. A 1963 kuma Betty Friedan ta sa feminine a sunan littafinta da ya yi tashe a Amurka, tana sukar hoton matar gida da mujallu da 'yan talla ke sayarwa, kalmomi biyu 'yan uwa ɗaya suka koma suna hararar juna.

Darajar femina kanta hawa da sauka ta yi ta yi. A Rum kalmar da ake kiran macen dabba da ita ta zama ta girmamawa, matar sanata a zamanin daular clarissima femina ake ce mata a hukumance, mulier ce ta kowa da kowa. Da Latin ya rarrabu, Faransanci ya riƙe ta a matsayin femme, mace kuma matar aure. A Sifaniyanci f ta koma h aka samu hembra, wadda aka fi faɗa wa dabba, mace kuma mujer ce daga mulier. Italiyanci ya ɗauki donna daga domina, uwar gida, ya bar femmina a ƙasa-ƙasa. A Turanci female ta yi zamani tana kalmar mutunci, har makarantu suna sa ta a suna, Vassar Female College da aka kafa a jihar New York a 1861 misali ce, amma Sarah Josepha Hale, editar wata babbar mujallar mata, ta dage cewa kalmar ta fi dacewa da dabbobi, a 1867 aka cire ta daga sunan makarantar. Gardamar nan da ake yi yau in wani ya rubuta females a maimakon women, ta haura shekara 150. Feminine ita kuma ta samu wani sabon aiki a kantuna, in ka shiga babban shago ka ga allo an rubuta feminine care ko feminine hygiene a saman kanta, audugar mata ce a wurin, an ɗauko kalmar ne dan kar a ambaci haila.

Sai Romaniyanci, wanda shi ma daga Latin ya fito, mace a can femeie ce. Duk wanda ya gani zai rantse jikar femina ce, harufa huɗun farko kusan iri ɗaya, ma'ana ɗaya, gida ɗaya. Amma dokokin sautin harshen sun nuna daga familia take, iyali, ma'anar ta tsuke daga mutanen gida gaba ɗaya ta koma kan matar gida, daga nan ta zama kowace mace. Ita kuma familia daga famulus take, bawa ko bara.